Giyar daren Asabar da lasisin tirela: yadda laifin maye ke cinye sana'ar direba a Amurka

A ce daren Asabar ne. Wani direban tirela a jihar Ohio ya dawo gida bayan mako biyu yana kan hanya. Ya kai motar kamfani gareji ya kulle, ya yi wanka, ya ɗauki 'yar ƙaramar motarsa ya tafi bikin wani aboki. Ya sha kwalba huɗu ko biyar. A hanyar dawowa ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar bayansa ɗaya ta mutu. Da ya leƙo ta taga sai ya ji wari, ya ce masa ya fito ya taka layi, daga nan ya miƙa masa na'ura ya ce ya hura. Ta nuna ma'aunin giya a jininsa 0.09, sama da iyakar da doka ta yarda. Bai buge kowa ba, ko motar wani bai karta ba, tirelar kuwa tana can a kulle nesa da wurin. Duk da haka, idan aka tabbatar masa da laifin, shekara guda cur ba zai riƙe sitiyarin babbar mota ba. Shekarar nan ma ita ce mai sauƙi cikin abin da ke jiransa.

Da maƙwabcinsa mai aikin ofis aka kama da wannan laifi a wannan daren, zai biya tara da kuɗin lauya, a tura shi wani aji inda ake wa'azi kan illar giya, a dakatar da lasisinsa na wasu watanni, galibi kuma a ba shi izini na musamman na zuwa aiki da dawowa. Ran Litinin yana kan kujerarsa, ba lallai ne ma shugabansa ya ji labari ba. Shi kuwa direba, dokar tarayya ta wajabta masa ya kai ƙarar kansa. Da zarar an sanar da shi an dakatar da lasisinsa, kafin a tashi aiki washegari dole kamfaninsa ya sani. In kotu ta yanke hukunci, yana da kwana 30 ya sake sanar da su a rubuce. Yawancin manyan kamfanoni ba sa ma jiran kotu. Tun ranar farko suke karɓar makulli.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin 1986 akwai jihohi da dama a Amurka inda duk mai lasisin ƙaramar mota yana iya hawa tirela mai taya 18 ya kama hanya, ba tare da wani ya gwada ko ya iya juya ta ba. Direbobi kuma sun gano wata dabara: mutum ya mallaki lasisin jihohi uku ko huɗu, in an rubuta masa laifi a wannan, gobe ya miƙa wancan, ta haka babu kundi ɗaya da zai cika har a ƙwace. A 1986 majalisar dokokin tarayya ta yi dokar da ta ce direba ɗaya, lasisi ɗaya, kundi ɗaya. Daga nan aka samu lasisin manyan motoci da suke kira CDL, wanda ya zama tilas daga Afrilun 1992, tare da wata kwamfuta da ta haɗa ofisoshin lasisi na dukkan jihohi. Gwajin maye ya biyo baya ne ta hanyar jirgin ƙasa. A 1987 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Maryland, mutum 16 suka mutu, bincike ya nuna ma'aikatan ɗaya jirgin sun sha wiwi. A 1991 wani direban jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York ya kifar da jirgi yana cikin maye, mutum biyar suka rasu, a shekarar majalisa ta wajabta gwajin giya da ƙwaya ga masu tuƙa jirage da manyan motoci. Sai dokar 1999 da ta kafa hukumar kula da lafiyar manyan motoci, FMCSA. Dokar ce ta ce laifin da mai CDL ya yi a motarsa ta gida a lokacin hutunsa shi ma yana hawa kan lasisin aikinsa. Wannan sakin layi na dokar shi ne ya kama mutuminmu na Ohio.

Ga kowa da kowa, iyakar giya a jini 0.08 ce, in ban da jihar Utah da ta sauke tata zuwa 0.05 a ƙarshen 2018. Ga wanda ke cikin babbar mota an raba ta biyu, 0.04. Ƙasa da haka ma ba a tsira ba: in aka sami ko ɗan alamar giya a numfashinsa a bakin hanya, a nan zai ajiye motar na awa 24. Haramun ne ya sha cikin awa huɗu kafin ya kama aiki. Ko kwalbar da ba a buɗe ba bai isa ya ɗauko ta a gaban mota yana aiki ba, sai in tana cikin kayan da aka rubuta a takardar lodi.

Abin da ya fi kama mutane a wannan iyaka ta 0.04 shi ne safiyar gobe. Jiki yana rage giya da kusan 0.015 a kowace awa, kuma kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara masa sauri. Mutumin da ya kwanta ƙarfe goma sha biyu na dare yana kan 0.15, da ƙarfe shida na safe yana kan kusan 0.06. Ya yi barci, ya goge baki, a ransa garau yake. Ya shigo gareji sai ma'aikaciyar ofis ta ce masa sunansa ya fito a gwajin ba-zata, wanda doka ta ce kowane kamfani ya yi wa aƙalla kashi 10 cikin ɗari na direbobinsa kowace shekara a kan giya, kashi 50 a kan ƙwaya. A kai shi wani ɗan ɗaki, ya hura. In ta kai 0.02, a ce ya zauna minti 15, kada ya ci, kada ya sha, kada ya sa komai a baki, ko gyatsa ya yi ƙoƙarin kada ya yi. Mai gwajin yana zaune yana kallonsa yana kallon agogo. A sake hurawa, na'urar ta buga 'yar takarda kamar rasidin kanti. Lambar da ke jikinta ita ce magana ta ƙarshe. Tsakanin 0.02 da 0.039, ya je gida ya dawo bayan awa 24, in kamfanin bai kore shi don ra'ayin kansa ba. Daga 0.04 zuwa sama, ya shiga wani layi da za mu zo kansa.

Tsarin hukuncin a takarda gajere ne. Laifin farko, shekara ɗaya babu tuƙin babbar mota. In yana ɗauke da kaya masu haɗari irin su fetur ko sinadari lokacin da aka kama shi, shekara uku. Laifi na biyu, har abada, kodayake an bar wa jihohi damar mayar masa da lasisi bayan shekara goma in ya kammala shirin gyaran hali da jihar ta amince da shi. Wanda ya sake bayan haka ba shi da sauran ƙofa. Ba a kuma sa wa laifin farko ranar tsufa ba. Wanda mutum ya yi yana ɗan 25 da wanda ya yi yana ɗan 50 ana haɗa su a ce biyu ne. Ba lallai ne ma su zama iri ɗaya ba: maye sau ɗaya, gudu daga wurin haɗari sau ɗaya, lissafi ya cika.

Inda wayo ke ƙarewa shi ne ma'anar da dokar ta ba kalmar hukunci. Akwai shawarar da ake yawan ba juna a majalisar hira, wai in an tsayar da kai kada ka hura, ba su da shaida. Ga mai CDL ƙin hurawa daidai yake da an kama shi a buge, shekara ɗaya ce ita ma. Amsa laifi hukunci ne. Cewa ba ka amsa ba kuma ba ka musa ba, hukunci ne. Biyan tara ko kuɗin kotu don a rufe magana, hukunci ne. Barin kuɗin beli ya tafi saboda ba ka je kotu ba, shi ma haka. Har matakin da ofishin lasisi ya ɗauka da kansa bisa lambar da na'ura ta nuna yana iya shiga lissafi, ko da daga baya lauya ya samu an sauke tuhumar a kotu zuwa tuƙin ganganci. Shi kansa tuƙin gangancin ba ƙaramin abu ba ne a kundin direba, biyu cikin shekara uku na jawo dakatarwar kwana 60.

Sannan akwai sassaucin da kotunan Amurka suka saba yi wa mai laifin farko: a ce je ka yi aji, ka yi aikin gayya na wasu awanni, ka zauna lafiya shekara guda, sai a goge maganar kamar ba a yi ba. Dokar tarayya ta hana jihohi yi wa mai CDL wannan alfarma a kan laifin hanya, ko a wace mota ya yi shi. Alƙali na iya jin tausayinsa, mai gabatar da ƙara na iya sanin yana da 'ya'ya huɗu, amma jihar da ta riƙa ɓoye irin waɗannan laifuka tana iya rasa wani kaso na kuɗin gina hanyoyi da take samu daga tarayya. Izinin zuwa aiki da ake ba maƙwabcinsa, shi ma ana iya ba shi, amma na ƙaramar mota kawai. Wato an ba shi izinin zuwa wurin aikin da ba zai iya yi ba.

To, shekara ta cika. Ya biya kuɗin mayar da lasisi, a wasu jihohin ya sake zana jarrabawa, katin ya dawo aljihunsa. A idon doka ya wanku. A nan ne fa ainihin hukuncin ke farawa, kuma ba alƙali ne ya yanke shi ba.

Duk kamfanin da zai ɗauki direba dole ya nemi kundin tuƙinsa na shekara uku da suka wuce, direban kuma ya lissafo duk inda ya yi tuƙin babbar mota cikin shekara goma. Akwai rahoton gwamnati da ke nuna haɗurran da ya shiga cikin shekara biyar da binciken bakin hanya na shekara uku. Akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da sana'arsu ita ce tara bayanin dalilin da ya sa direba ya bar aikinsa na baya. Manyan laifuka irin na maye kuwa, kwamfutar da ta haɗa jihohi tana riƙe su shekara 55. Mutum ya yi laifi yana ɗan 30, sai ya kai 85 kafin layin ya ɓace.

Mai ɗaukar ma'aikata zai iya ganin duk wannan ya ce ba komai, mutum ne ya yi kuskure sau ɗaya. Amma ba shi ke da ta cewa ba. Bayansa akwai kamfanin inshora. Doka ta ce tirelar da ke ɗaukar kayan yau da kullum tsakanin jihohi sai tana da inshorar aƙalla dala dubu 750, wasu kaya masu haɗari har dala miliyan biyar, dillalan kaya kuma galibi ba sa ba da lodi sai sun ga ta miliyan ɗaya. Kamfanin inshora yana duba sunan kowane direba. Ya ga maye a cikin shekara uku ko biyar da suka wuce, sai ya ce ko dai ba zai rufe wannan direban ba, ko ya ɗaga kuɗin zuwa inda ƙaramin kamfani mai mota shida ba zai iya ɗauka ba. Daga nan ne ƙa'idojin da ake gani a tallan neman direbobi suka fito: wannan ya ce babu maye cikin shekara uku, wancan biyar, wani bakwai ko goma, wasu su ce ko sau ɗaya a rayuwa.

Shi ma kamfanin inshorar abin da yake tsoro shi ne ɗakin shari'a. A ce wannan direban ya dawo aiki, bayan shekara biyu ya yi haɗari a cikin ƙanƙara, ko ɗigon giya babu a jininsa. Lauyan waɗanda aka ji wa rauni zai nemi fayil ɗinsa, ya zaro takardar tsohon laifin, ya ɗaga ta gaban mutanen gari goma sha biyu da ke taya alƙali yanke hukunci, ya ce musu: kamfanin nan ya sani, ya kuma miƙa masa mota mai nauyin tan 36. Daga nan shari'ar ta tashi daga kan haɗarin ta koma kan sakacin kamfani wajen ɗaukar ma'aikaci, kuma a 'yan shekarun nan diyyar da ta haura dala miliyan goma ba baƙuwa ba ce a shari'o'in tirela. Babu manajan da ke son ya zama shi ne ya sa hannu a wannan fayil.

Akwai wani abin da ba a cika lissafawa ba. Kamfanoni suna son gogewa ta kwanan nan. Wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu bai tuƙa ba, da yawansu kallon sabon shiga suke masa, su ce ya koma makaranta ya sabunta hannu, da kuɗinsa. Shekara goma sha biyar da ya yi ba tare da ya taka ko kaza ba ta zama tarihi.

Layin da na ce za mu zo kansa shi ne rumbun bayanan gwajin maye na tarayya, wanda suke kira Clearinghouse, aka buɗe shi ran 6 ga Janairun 2020. Kafin zuwansa, direban da ya faɗi gwaji a wani kamfani yakan tattara kayansa ya koma wata jiha, ya manta da sunan wancan kamfanin a takardar neman aiki. Yanzu kowane kamfani dole ya duba rumbun kafin ya ɗauki mutum, ya kuma sake dubawa duk shekara. Akwai bambanci a nan da ke rikita hatta direbobin: mutuminmu na Ohio da aka kama a motarsa ta gida, laifinsa na kundin lasisi ne, ba ya shiga wannan rumbu. Wanda ya faɗi gwajin kamfani, ko ya ƙi gwajin, ko aka rubuta masa maye yana cikin tirela, shi ne ke shiga. Wanda ya shiga an haramta masa tuƙi har sai ya ga ƙwararren da aka amince da shi a kan shaye-shaye, ya bi duk abin da ya gindaya masa na karatu ko magani, ya ci gwajin komawa aiki, sannan a yi masa aƙalla gwajin ba-zata shida cikin wata 12 na farko, ƙwararren na iya tsawaita shi har shekara biyar. Doka ba ta ce kamfani ya biya ko sisi ba, don haka yawanci daga aljihun mutumin da ba shi da albashi kuɗin ke fita. Gwaje-gwajen bayan komawa aikin kuwa ba sa yiwuwa sai yana da kamfanin da ya ɗauke shi ya yarda ya riƙa shirya su. Gaba kura, baya siyaki: ba ya fita daga tsarin sai da aiki, aikin kuma ba ya samuwa saboda yana cikin tsarin. Alƙaluman hukumar FMCSA da kanta sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan waɗanda aka haramta wa tuƙi ba su ma fara bin matakan ba. Tun 18 ga Nuwamban 2024 kuma, jihohi na sauke lasisin duk wanda ke cikin haramcin zuwa na ƙaramar mota.

Mai karatu zai iya cewa mu ai ba mashaya giya ba ne, wannan ba tamu ba ce. Yana da kyau a san cewa maye a wannan doka bai tsaya kan kwalba ba. Abin da ya fi jefa direbobi cikin rumbun nan wiwi ne, fiye da rabin waɗanda suka faɗi gwajin ƙwaya. Fiye da jihohi 20 sun halatta ta, kanti ake shiga a saya da rasidi, amma dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma CDL na ƙarƙashin dokar tarayya ne. Fitsari yana iya nuna ta makonni bayan an sha. Kodin yana cikin abin da ake nema a gwajin. Maganin da likita ya rubuta ma, in ya sa mutum layi a kan hanya, ana iya kama shi da laifin maye. 'Yan Afirka da yawa da ke Amurka sun shiga tuƙin tirela saboda sana'a ce da ake koyo cikin makonni, ba ta neman digiri, kuma tana iya ba mutum sama da dala dubu 50 a shekara. Ga baƙo, laifin na da wata jela: mai biza ta wucin gadi ana iya soke masa ita saboda kamun kawai, kuma tun 2019 hukumomin shige da fice na ɗaukar laifin maye biyu a matsayin alamar rashin kyawun hali, abin da ke taɓa neman zama ɗan ƙasa. Kanada kuma, tun Disamban 2018 ta mayar da tuƙi cikin maye babban laifi a dokarta, mai irin wannan tabo ana iya juyo shi a kan iyaka. Direban da ke zaune kusa da Detroit, inda lodin kirki da yawa na tsallaka gada ne zuwa garin Windsor na Kanada, ya rasa wannan kasuwar har sai ya nemi izini na musamman, ko ya jira shekara biyar bayan kammala hukuncinsa ya nemi a wanke shi.

Shin tsananin ya yi yawa? A ganina, iyakar 0.04 da shekara ɗaya ba su yi yawa ba. Tirela cike da kaya tana gudun kilomita 105 a awa tana buƙatar kusan mita 160 kafin ta tsaya, in komai lafiya. Mutum sama da dubu biyar ke mutuwa kowace shekara a haɗurran da suka haɗa da manyan motoci a Amurka, kusan kashi 70 cikin ɗari kuma mutanen cikin ƙananan motoci ne. Tsarin kuma ya yi aiki. A haɗurran da aka rasa rai, direbobin manyan motoci da aka samu a buge ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba, na ƙananan motoci kuwa sun haura kashi 20. A ƙasar da maye a hanya ya kashe mutum sama da dubu 13 a 2022, direban tirela na cikin waɗanda suka fi kowa tsabta. Tsoron rasa abinci ya yi abin da wa'azi bai yi ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ke biyo bayan shekarar. Majalisa ta auna ta ce shekara ɗaya ta isa ga laifin farko. Inshora da lauyoyi suka mayar da ita biyar ko goma, ba tare da wani ya zauna ya yi muhawara a kai ba, kuma babu inda direba zai ɗaukaka ƙara. Ba a bambanta wanda giya ta zame masa cuta da wanda ya yi wauta a daren biki ɗaya. Mafi muni, waɗanda suka nace sai sun dawo ba sa ɓacewa daga kan hanya. Suna gangarawa ne zuwa kamfanonin da ba sa tambaya da yawa. A can motocin sun fi tsufa, kuɗin kowane mil ya fi ƙanƙanta, an fi matsa wa direba ya wuce awa 11 da doka ta yarda ya tuƙa a rana. Wasu a ja su cikin yarjejeniyar da ake ce wa mutum motar za ta zama tasa in ya gama biya, ana cire kuɗin haya da mai da gyara daga abin da ya samu, har wani makon ya tashi da bashi. Mutumin da ya fi buƙatar kamfani mai sa ido, an tura shi inda babu mai sa ido. Duk wannan a masana'antar da kullum take kukan ƙarancin direbobi, alhali manyan kamfanoninta na dogon zango sukan sauya kusan kashi 90 cikin ɗari na direbobinsu a shekara.

Makarantun koyon tuƙi ma na da nasu kason. Wanda ya yi laifin maye tun kafin ya mallaki CDL, dokar tarayya ba ta hana shi samun lasisin ba in lasisinsa na ƙaramar mota ya dawo. Makaranta za ta karɓi dubban dalolinsa, ta koya masa, ya ci jarrabawa. Sai ya fito neman aiki ne zai gane cewa samun lasisi daban, samun mai ba ka makulli daban.

A gida Najeriya dokar na nan a rubuce, iyakar 0.05 ce, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma tun 1988 take kan hanya. Amma duk wanda ya taɓa kwana a Tafa ko Mararrabar Jos ya san abin da ake sayarwa a gefen inda tireloli ke fakin, daga 'yar leda zuwa gadagi da tiramol, kuma ya san kundin direba a bakin mutane yake. Mai mota zai tambayi shugaban tasha, ya tambayi wanda yaron ya yi wa karen mota, a ce masa ai wane yana taɓawa amma hannunsa na da kyau, ko a ce ya tuba tun da ya yi aure. Wannan kundin yana yafiya, yana kuma mantuwa, har ga wanda bai kamata a manta da shi ba. Na Amurka ba ya yin ko ɗaya.

Mutuminmu na Ohio, in ya yi sa'a, zai sami aiki a wani katafaren sito, yana tuƙa na'urar ɗaga kaya, ko yana jan bodin tirela daga wannan ƙofa zuwa waccan a cikin harabar kamfani inda ba a neman CDL saboda ba ya fita titi. Wasu su koma tuƙa motar kwashe shara ko tifar yashi a cikin gari bayan lasisi ya dawo, su tara shekara uku masu tsabta, sannan su fara buga waya. Da rana yana ganin tsofaffin abokan aikinsa suna shigowa da lodi daga Texas, su ɗaga masa hannu ta gilashi. Da dare ya buɗe wayarsa ya cika takardar neman aiki ta wani kamfani, suna, adireshi, inda ya yi aiki shekara goma, har ya iso tambayar da ke shafi na biyu. Wasu kamfanonin sukan rubuta “cikin shekara biyar da suka wuce”, sai ya ƙirga da yatsa ya ga saura nawa. Wasu kuwa sukan rubuta “ka taɓa”.